Sauya Sheƙar 'Yan Ƙwallon Kwando A Jami'o'in Amurka: Darasi Ga Matasan Kelle Da Damagaram

Masu iya magana sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Su ne kuma dai suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duk mai son ganin yadda waɗannan maganganu biyu ke kokawa da juna a wannan zamani, to ya leƙa jami'o'in ƙasar Amurka, inda a shekarar 2025 kaɗai 'yan wasan ƙwallon kwando maza sama da 2,000 na rukunin farko suka rubuta sunayensu a kundin masu neman barin makarantunsu zuwa wasu. Rukunin yana da jami'o'i kimanin 360 ne, kuma 'yan wasan da ke cikinsu gaba ɗaya ba su wuce 5,000 da 'yan kai ba. Ke nan a cikin kowane mutum uku, aƙalla ɗaya ya ɗaure kayansa.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mutumin Kelle, can arewacin Gure a gindin duwatsun Kutus, da abin da ke faruwa a Kentucky ko Florida? Amsar ita ce, wayar salula ta riga ta haɗe duniya. Yaron da ke kwaleji a Kelle ko lise a Gure yana kallon hotunan bidiyon 'yan Mali da Najeriya da Kamaru suna zura ƙwallo a kwando a gaban dubban 'yan kallo, yana kuma jin irin kuɗin da ake cewa suna samu. Idan Allah Ya ba shi tsawo, ba a rasa mai ce masa ai arzikinka na Amurka. Saboda haka ya kamata iyaye da malamai da su kansu matasan su san yadda wannan kasuwa take, da waɗanda suka ci riba a cikinta, da kuma waɗanda suka tashi a tutar babu.

Yadda aka faro

Shekara da shekaru, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, tana da doka mai tsauri a kan ɗan wasan ƙwallon kwando da ya sauya makaranta. Duk wanda ya koma wata jami'a sai ya yi shekara guda cur yana karatu da atisaye ba tare da ya buga wasa ko ɗaya ba. Ƙari a kan haka, sai makarantarsa ta ba da izini kafin wata makarantar ta yi magana da shi, kuma mai horarwa yana iya lissafa jami'o'in da bai yarda yaron ya je ba. Shi kuwa mai horarwar, da zarar an yi masa tayin albashi mai tsoka a wani wuri, sai ya kama hanya washegari, ya bar yaran da ya ɗauko da alkawari.

A watan Oktoban 2018 ne aka buɗe kundin sauya sheƙa a intanet, inda ɗan wasa zai sanar da makarantarsa kawai, ita kuma dole ta shigar da sunansa domin kowane koci ya gani. A watan Afrilun 2021 aka soke zaman shekara guda ga wanda ya yi ƙaura ta farko. A ranar 1 ga Yulin wannan shekarar kuma aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi a kan amfani da sunansu da hotonsu wajen talla. A watan Disambar 2023 wani alƙali a jihar West Virginia, John Preston Bailey, ya dakatar da dokar da ta hana ƙaura ta biyu, bayan ƙarar da jihohi bakwai suka shigar, kuma kafin ƙarshen Afrilun 2024 hukumar da kanta ta janye dokar. Na ƙarshe shi ne sulhun da mai shari'a Claudia Wilken ta amince da shi a watan Yunin 2025, wanda ya tanadi biyan tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan Dalar Amurka biliyan 2.8 cikin shekaru 10, ya kuma bai wa kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har Dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Cikin shekaru bakwai ke nan, abin da ake kira wasan ɗalibai ya koma kasuwar bayan gasa, inda ake taya ɗan wasa kamar yadda ake taya sa a kasuwar dabbobi, sai dai a nan san ne da kansa ke cewa albarka ko ya sallama.

Waɗanda tafiya ta karɓa

Babu wanda ake yawan kafa hujja da shi kamar Oscar Tshiebwe, ɗan birnin Lubumbashi na ƙasar Kwango. Ya fara da jami'ar West Virginia a 2019, ya yi shekarar farko mai kyau, amma a ta biyu al'amura suka dagule tsakaninsa da wurin, ya bar ƙungiyar bayan wasanni 10 kacal. A watan Janairun 2021 ya koma Kentucky. A kakar 2021 zuwa 2022 yana cin maki 17 a kowane wasa, yana kuma cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 15, abin da aka daɗe ba a ga irinsa ba, ya kuma lashe dukkan manyan kyaututtukan gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekarar.

Akwai Jonathan Tchamwa Tchatchoua na Kamaru, wanda ya bar jami'ar UNLV ya koma Baylor a 2019, lokacin tsohuwar doka na nan. Ya zauna shekara guda yana koyon tsarin wasan sabon wurin, sannan aka ci kofin ƙasa da shi a 2021, ranar da Baylor ta doke Gonzaga da ci 86 da 70. Kusan rabin ƙarfin Baylor a wannan shekara baƙi ne da suka zo daga wasu makarantu, cikinsu har da Davion Mitchell da ya baro Auburn.

Sai kuma ɗan Najeriya Rueben Chinyelu, wanda ya fito daga makarantar horar da matasa ta NBA da ke Saly a ƙasar Senigal. Ya yi shekara guda a Washington State, sai kocinsa Kyle Smith ya tafi Stanford, gasar yankin da makarantar ke ciki kuma ta wargaje. Ya koma Florida a 2024, aka riƙa fara wasa da shi tun daga farkon kaka har ƙarshenta, kuma a ranar 7 ga Afrilun 2025 suka doke Houston da ci 65 da 63 suka ɗauki kofi. Gwarzon wannan gasa, Walter Clayton, shi ma daga ƙaramar jami'ar Iona ya zo.

Idan aka lura da kyau, akwai abin da ya haɗa waɗannan mutane. Kowannensu ya tafi ne da dalili bayyananne, ya kuma sauka a inda ake da gurbin da ya dace da irin wasansa. Ba wanda ya tafi don kawai ya ji ana tafiya.

Ƙaura ta farko da ta biyu

Labarin Oumar Ballo, ɗan garin Kulikoro na ƙasar Mali, ya fi kowanne nuna fuskoki biyu na wannan al'amari. A Gonzaga, kusan duk zamansa a benci ya yi, yana shiga wasa na 'yan mintoci. Da mataimakin kocin da ya ɗauko shi, Tommy Lloyd, ya samu aikin babban koci a Arizona a 2021, sai Ballo ya bi shi. A nan ya zama tauraro, har ya kai ga cin maki 14 a kowane wasa a kakar 2022 zuwa 2023, aka kuma sa shi cikin zaratan 'yan wasan yankin. Wannan ƙaura ce ta bin wanda ya san ka, ya san ƙarfinka da rauninka.

A 2024 ya sake tashi zuwa Indiana, inda kafafen watsa labarai suka ruwaito cewa an yi masa tayin kimanin Dala miliyan 1.2, wato wajen Sefa miliyan 700 a canjin lokacin. Shi dai bai yi wasan banza ba, amma ƙungiyar ta kasa samun gurbi a babbar gasar watan Maris, kocin da ya kawo shi, Mike Woodson, ya sauka daga aiki, magoya baya kuma suka huce haushinsu a kan waɗanda aka ce an kashe wa kuɗi. A watan Maris na 2025 Ballo ya fito ya shaida wa 'yan jarida cewa har saƙonnin barazanar kisa ake aiko masa. Daga nan ba a ɗauke shi a NBA ba, ya nufi Italiya.

Haka nan Ugonna Onyenso, ɗan Owerri, wanda ya taɓa tare ƙwallo sau 10 a wasa guda yana Kentucky a watan Fabrairun 2024. Ya koma Kansas State a wannan shekara, amma sai lokacin da yake samu a fili ya ragu maimakon ya ƙaru. Ita kanta Kansas State, duk da maƙudan kuɗin da aka ce ta zuba wajen sayo baƙi, ta kammala kakar da rashin nasara fiye da nasara. A 2025 Onyenso ya sake ɗaure kaya zuwa Virginia, makaranta ta uku ke nan a cikin shekaru huɗu.

A ɗaya ɓangaren kuma ga Adama Sanogo na Bamako, wanda bai je ko'ina ba. Ya zauna a Connecticut shekaru uku, ya ci kofin ƙasa a 2023 yana cikin azumin watan Ramadan, aka kuma zaɓe shi gwarzon zagayen ƙarshe na gasar.

Abin lura a nan shi ne, da Tshiebwe da ya yi ƙaura sau ɗaya, da Ballo da ya yi sau biyu, da Sanogo da bai yi ba, babu wanda aka kira sunansa a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA. Tshiebwe da Sanogo ta ƙofar baya suka shiga, da kwantiragin da ke raba ɗan wasa tsakanin babbar ƙungiya da ƙaramarta. Waɗanda ƙaura ta kai su zagayen farko na zaɓen, irin su Mitchell a 2021 da Dalton Knecht a 2024 da Clayton a 2025, masu sarrafa ƙwallo ne da iya jefawa daga nesa. Yaranmu kuwa galibi saboda tsawo ake ɗaukar su, a tsayar da su a gindin kwando, alhali NBA ta yanzu ta fi son dogon da zai iya jifa daga nesa ya kuma bi gajere da gudu. Sauya makaranta na iya ƙara wa mutum mintoci da kuɗi, amma ba ya koya masa abin da ba a koya masa ba tun yana ɗan shekara 12.

Waɗanda ba a jin labarinsu

Sunayen da aka ambata a sama na waɗanda talabijin ke nunawa ne. Alƙaluman hukumar NCAA kanta, tun kafin a sassauta doka, sun nuna cewa kusan kashi 40 cikin 100 na yaran da ke shiga rukunin farko kai-tsaye daga sakandare suna barin makarantarsu kafin ƙarshen shekara ta biyu. Daga cikin masu tafiyar, kimanin rabi ne ke samun wata jami'a a rukunin farko. Sauran ƙasa suke gangarawa, zuwa rukuni na biyu ko ƙananan kwalejoji, inda babu talabijin, babu kuɗin talla. Akwai kuma waɗanda ke shiga kundin su zauna ba wanda ya kira su.

A nan ne hatsarin yake. Doka ta bai wa makaranta damar janye tallafin karatun ɗan wasa a ƙarshen zangon da ya shigar da sunansa a kundin, kuma ba dole ba ne ta karɓe shi idan ya sauya shawara. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma tsalle dubu ba ya fitar da shi. Ɗan Amurka da haka ta same shi gidan iyayensa zai koma, ya nemi aiki a kanti. Ɗan Afirka kuwa bizarsa ta karatu a ɗaure take da makarantar da ta ba shi takarda. Idan ya bar ta bai samu wata ba cikin ɗan lokaci, zamansa a ƙasar ya zama haramtacce.

Ita kanta maganar kuɗi ba ɗaya take ba tsakanin ɗan gida da baƙo. Bizar ɗalibi ta taƙaita irin aikin da mutum zai yi a biya shi a cikin Amurka. Shi ya sa Tshiebwe, duk da kasancewarsa gwarzon ƙasa, sai da ƙungiyarsa ta je wasannin share fage a tsibirin Bahamas a watan Agustan 2022 sannan ya samu damar ɗaukar hotunan talla da sa hannu a kayayyaki, inda rahotanni suka ce ya tara kusan Dala 500,000 a mako guda. Wanda ba shi da suna irin nasa, ba shi da lauyoyin da za su nemo masa irin wannan hanya.

Karatun fa?

Abin da aka fi mantawa da shi a wannan hada-hada shi ne digirin da aka ce an je nema. Wani rahoto da ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka ya fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta suna asarar kusan kashi 43 cikin 100 na kwasa-kwasan da suka riga suka ci, domin sabuwar makarantar ba ta amince da su ba. Rahoton a kan ɗalibai gaba ɗaya yake magana, amma ɗan wasa bai tsira daga wannan matsala ba. Wanda ya ratsa jami'o'i uku yakan ƙare da tarin kwasa-kwasai da ba su haɗu sun zama digiri ɗaya ba, ko kuma a tura shi fannin da ya fi sauƙi don kawai ya cancanci buga wasa.

Gaskiya ne cewa tun 2022 an wajabta wa jami'ar da ta ɗauki mai ƙaura da tallafin karatu ta ci gaba da ɗaukar nauyinsa har ya gama digiri ko wa'adin wasansa ya ƙare. Wannan ci gaba ne. Sai dai yana amfanar wanda ya samu masauki ne kawai. Idan kuma aka tuna cewa NBA ba ta ɗaukar fiye da mutum 60 a shekara daga duk duniya, kuma kimanin kashi 1 cikin 100 ne na 'yan wasan jami'o'i ke kai wa can, za a gane cewa takardar ita ce ainihin guzurin da mafi yawansu za su koma gida da shi.

Ƙofar sabon shiga ta ƙuntata

Wani sakamakon da ya fi shafar yaro irin na Kelle shi ne yadda masu horarwa suka sauya tunani. A da, koci kan ɗauko dogon yaro daga Afirka wanda bai daɗe da fara wasa ba, ya yi haƙuri da shi shekara biyu ko uku. Hakeem Olajuwon, wanda sai da ya kai shekara 15 ya fara ƙwallon kwando a Legas, bai buga wa jami'ar Houston wasa ba a shekararsa ta farko, a ta biyu kuma daga benci yake tasowa. Sai a 1984 ya zama na ɗaya a zaɓen NBA, ya kuma ci kofi a 1994 da 1995.

Yau kocin da ya san za a kore shi idan bai ci wasa bana ba, ya fi son ɗan shekara 22 da ya riga ya goge a wata jami'a. A 2025 shahararren koci Rick Pitino na St. John's ya fito fili ya ce a wannan shekara ba ya neman 'yan sakandare. Ƙananan jami'o'i kuma sun zama kamar gonar reno: su gano yaro, su horar da shi, da ya nuna kai sai babbar makaranta ta zo ta ɗauke. Saboda haka su ma ba su da ƙwarin guiwar kashe shekaru a kan ɗanyen yaro.

Idan ƙofar gaskiya ta ƙuntata, dillalan ƙarya ne ke samun kasuwa. A 2017 jaridu a jihar New Jersey suka bankaɗo yadda aka tara yara baƙi, cikinsu har da 'yan Najeriya, a gidan wani koci na makarantar sakandare a garin Paterson. A 2019 kuma wata kotu ta ɗaure wata mai makaranta mai zaman kanta a birnin Charlotte watanni 18, saboda ba da takardun ɗalibta na bogi ga yara baƙi, yawancinsu 'yan wasa daga Afirka, waɗanda ba a makarantar suke karatu ba.

Darasi daga Zariya da Yamai

Ƙasar Hausa ma tana da nata misalin. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13, a zamanin da kocin nan Ba'amurke, Oliver Johnson, ke rainon matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya je Amurka ya yi shekaru biyu a ƙaramar kwalejin Bismarck da ke North Dakota, sannan ya koma jami'ar Montana State ta Billings, inda bai wuce zangon karatu ɗaya ba ya bari. A ma'aunin 'yan wasa, wannan ƙaura ba ta yi albarka ba. Ya yi shekaru yana buga wa ƙananan ƙungiyoyi a Turai, sannan ya fara aikin farauto 'yan wasa ga Orlando Magic ba tare da albashi ba. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2019 kuma ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada ta ci kofin NBA a ƙarƙashin shugabancinsa, kafin su rabu a watan Yunin 2025. Abin da ya cece shi kai ne da iya hulɗa da jama'a da sanin sana'ar, domin ƙafa da hannu sun daɗe da ajiye aiki.

Daga Nijar kuma akwai Abdoulaye Harouna na Yamai, wanda ya bi ta ƙaramar kwaleji kafin ya buga wa jami'ar Miami ta jihar Ohio. Bai shiga NBA ba. Ya dawo nahiyar, ya buga wa AS Nigelec, sannan ya yi suna a gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka, wadda aka fara a Kigali a watan Mayun 2021, inda ya buga wa FAP ta Kamaru, daga baya kuma AS Salé ta Maroko. Wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da abin da ɗan Nijar zai iya sa rai a kai, kuma ba abin rainawa ba ce.

Hangen Dala ba shiga birni ba

A kan duk waɗannan, sai ga batun biza. A watan Disambar 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umurnin da ya saka Nijar da Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka dakatar da shigar 'yan ƙasarsu Amurka gaba ɗaya daga ranar 1 ga Janairun 2026. Najeriya da Senigal kuma aka sa su cikin waɗanda aka taƙaita wa wasu nau'o'in biza, ciki har da ta ɗalibai. Umurnin bai soke bizar waɗanda suka riga suka mallake ta ba, amma ya sa duk wanda ya zo wa uba a Kelle ko Gure da maganar zai kai ɗansa makaranta a Amurka idan aka sayar da raƙumi ko shanu aka biya kuɗin takardu, ya zama abin tuhuma tun kafin ya gama magana.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga sauya makaranta. Yaro kan gama firamare a ƙauye ya koma kwaleji a wani gari, daga nan ya wuce lise a Gure ko Damagaram, idan ya ci bak kuma ya shiga Jami'ar André Salifou ko ya yi tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram zuwa Yamai. Kowane uba ya san cewa abin da ke raba wanda ya ɗore da wanda ya dawo gida ba yawan ƙwaƙwalwa ba ne kawai. Wa zai riƙe shi? A ina zai kwana? Wa zai tambaye shi idan bai je aji ba? Waɗannan su ne tambayoyin da suka raba ƙaurar Ballo ta farko da ta biyu, duk da miliyoyin da ke tsakani.

Mafita

Na farko, iyaye su riƙe ƙa'ida ɗaya: makarantar gaskiya da ke son yaro saboda wasansa ita ke kashe kuɗi a kansa, ba ita ke karɓa daga hannun ubansa ba. A nemi sunan makarantar, a nemi takarda a rubuce, a kai wa hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa da ofishin kula da matasa da wasanni na jiha su tantance kafin a sayar da ko akuya ɗaya.

Na biyu, kada yaro ya ajiye littafi saboda ƙwallo. Babu jami'ar da za ta ɗauke shi ba tare da sakamakon sakandare ba, kuma Turancin Ingilishi, wanda kundin tsarin da Nijar ta amince da shi a 2025 ya sa shi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, ya zama dole ga duk mai wannan buri. Raunin guiwa ɗaya, irin wanda ya samu Tchamwa Tchatchoua a watan Fabrairun 2022 yana tsakiyar tashensa, ya isa ya sauya lissafin rayuwa.

Na uku, hukumomin ƙananan hukumomi irin su Kelle da Gure, da 'yan kasuwa da 'ya'yan yankin mazauna birane, su duba abin da ke iya yiwuwa a gida. Filin ƙwallon kwando tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15, kwandon kuma mita 3.05 daga ƙasa. Daɓen siminti ne da ƙarafa biyu da malamin motsa jiki da ya san aikinsa. Gasar makarantu tsakanin Kelle da Gure da Mirya da Damagaram, idan ta ɗore shekara bayan shekara, za ta koya wa yaro riƙe ƙwallo da jifa tun yana ƙarami, abin da yayyensa da suka je Amurka suka rasa. Ƙasar da ta iya shirya gasar kokawa ta takobi tun 1975, tana zagaya jihohi da ita, ba za ta kasa wannan ba.

Na huɗu, ga matashin da ya riga ya samu shiga wata makaranta ko ƙungiya, a Yamai ne ko Kano ko Saly ko Turai, kafin ya tashi ya tambayi kansa abu uku: me ya kore ni daga nan, wa ke jira na a can, kuma me zan rasa a karatuna? Idan bai da amsa gamsasshiya ga ukun, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

'Yancin da 'yan wasan Amurka suka samu na tashi lokacin da suka ga dama adalci ne, domin an daɗe ana cin guminsu ana hana su motsi. Amma alƙaluma da labaran da muka kawo sun nuna cewa ribarsa ta fi zuwa ga wanda ya riga ya ƙware, yake da mai ba shi shawara ta gari, yake kuma da inda zai koma idan abin bai yiwu ba. Aikin da ke gaban iyaye da hukumomi a Kelle da sauran garuruwanmu shi ne su samar wa yaransu waɗannan abubuwa uku tun suna gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya sa mu dace.